Ba Kowane Jini Ne Basir Ba: Maganin "Nano", Kansar Hanji Da Labarin Kawuna Na Bungudu

Mako biyu bayan mun binne kawuna a Bungudu, wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp. Wataƙila kai ma ka taɓa ganin irinsa. Wasu 'yan ƙananan ƙwallaye ne masu sheƙi suna iyo cikin jini, sai su isa wani ƙullutu baƙi, su manne masa, su fashe, ƙullutun ya narke. A ƙasa an rubuta wai an gano maganin kansa. Abokin nawa ya ƙara da nasa: "Da an samu wannan a nan, da Kawu bai sha wahalar da ya sha ba."

Wallahi da farko haushi na ji. Daga baya kuma tambayar ta hana ni barci. Ni ɗalibin aikin jarida ne, ba likita ba, amma abu na farko da aka koya mana shi ne kada ka yaɗa abin da ba ka bincika ba. Sai na ƙarar da hutuna da datata ina karatu a kan wannan magani. Ga abin da na fahimta, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe, domin ƙarshen ya fi farkon shafar gidanku.

Wata goma sha ɗaya ana cewa basir ne

Kawuna ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa 47. Manomi ne, yana kuma kai hatsi kasuwa Gusau. Ranar da ya fara ganin jini a bayan gida bai gaya wa kowa ba. Da abin ya yawaita sai ya ce basir ne, kowa kuma ya yarda, don wa ke musu da basir a ƙasar Hausa? Ya sayi na masu mota da lasifika, ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha na kemis. Wani lokaci cikinsa ya ɗaure kwana huɗu, wani lokaci ya yi ta zawo. Da ya fara ramewa har wando ya daina zama masa, sai aka koma cewa sammu ne.

Sai da hanjin ya toshe gaba ɗaya, cikinsa ya kumbura yana amai, sannan aka kwashe shi zuwa asibiti cikin dare. An yi masa tiyata, aka tarar da ƙari a babban hanji, kuma ya riga ya tsallaka hanta. Daga ranar da ya fara ganin jini zuwa ranar da likita ya fara duba shi, wata goma sha ɗaya ne.

Aka tura mu wani asibitin koyarwa a wajen jihar, aka fara masa kimo, wato maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya. An sayar da gonar fadama. Bakinsa ya cika da gyambo, zawo ya ƙi tsayawa, yatsunsa suka mutu har ba ya iya riƙe kofin ruwan sanyi. Wata rana ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga magani ya hi ciwon zahi." Bayan zagaye na huɗu Allah Ya karɓi abinsa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kansar babban hanji da dubura ita ce ta uku a yawa a duniya, ta biyu kuma a kisa: kimanin mutum miliyan 1.9 ke kamuwa a shekara, fiye da dubu 900 ke mutuwa. Ita ta kashe Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Ita ce kuma ajalin Pele a Disambar 2022.

Me ya sa kimo ke wahalar da mutum haka?

Ka ɗauka gonar dawarku ce wuta-wuta ta shiga. Ba ka da hanyar bin ta ɗaya-ɗaya, sai ka ɗauki famfon feshi ka feshe gonar duka da magani mai ƙarfi, kana fatan ciyawar ta riga dawar mutuwa. Kusan haka kimo yake. Magungunan da ake ba masu kansar hanji, irin su 5-FU da aka ƙirƙiro tun 1957, da oxaliplatin, da irinotecan, suna farautar duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa. Ƙwayoyin kansa na saurin hayayyafa, gaskiya ne. To amma haka ma ƙwayoyin cikin baki, da na bangon hanji, da na ɓargo inda ake ƙera jini, da na tushen gashi. Shi ya sa ake samun gyambon baki da zawo da ƙarancin jini. Mutuwar yatsu da jin zafin abu mai sanyi da Kawu ya yi fama da su kuwa sanannen halin oxaliplatin ne, yana taɓa jijiyoyin ji.

Kada ka fahimce ni a baibai: kimo na aiki, ya tsawaita rayuwar mutane da yawa, ya kuma taimaka wajen warkar da wasu bayan tiyata. Matsalar ita ce likita ba zai iya ƙara ƙarfinsa yadda yake so ba, saboda jikin mara lafiya yana da iyaka. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, wani masanin Jamus mai suna Paul Ehrlich ya yi mafarkin maganin da zai je ya samu cuta ita kaɗai ya bar sauran jiki. Masu binciken nano wannan mafarkin suke bi har yau.

To mene ne nano ɗin?

Kalmar awo ce kawai. Ka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kanka ya kai nanomita dubu 80. Ƙunshin maganin da ake magana a kai yawanci bai wuce nanomita 100 ba, ke nan sai ka jera kusan 800 kafin su ƙetare faɗin silin gashi ɗaya.

Ana yin ƙunshin da kitse, ko da wani irin roba mai narkewa a jiki, ko da furotin, har ma da zinariya. In ka yi allurar korona ta Pfizer ko Moderna, to ka riga ka taɓa karɓar irinsa, don a cikin ƙunshin kitse na nano aka naɗe sinadarin allurar.

Hanya mafi sauƙi ta gane aikinsa ita ce ka tuna yadda ake aika saƙo a tasha. Kana Gusau, kana son kaya su isa Tsafe. Abu uku kake yi: ka naɗe kayan da kyau, ka rubuta suna da lambar waya, ka tabbatar ba a buɗe ba sai a hannun mai shi.

Naɗewar ita ce ƙunshin. Muddin maganin na ciki, ba ya ta'adi a hanya kamar wanda aka sake tsirara cikin jini. Sai dai jiki na da shingayen bincikensa. Hanta da saifa cike suke da ƙwayoyin garkuwa da ke cafke duk baƙon abu. Don haka ake lulluɓe ƙunshin da wani sinadari da ake kira PEG, wanda ke sa a daɗe ba a gane shi ba.

Adireshin iri biyu ne. Na farko ƙarin ne da kansa ke bayarwa. Kansa na gina jijiyoyin jininta cikin gaggawa, kamar ginin ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin siminti, sai bangon ya zama duk huji. Ƙunshin nano ba ya iya fita ta lafiyayyar jijiya, amma yana zurarewa ta waɗannan hujojin ya taru a cikin ƙarin. Masanan Japan biyu, Matsumura da Maeda, su suka bayyana wannan a 1986. Na biyu kuma shi ne a liƙa wa ƙunshin wani abu mai kama da makulli. Ƙwayoyin kansar hanji da yawa suna da wasu ƙofofi a jikinsu fiye da lafiyayyun ƙwayoyi, irin su ƙofar karɓar sinadarin folet, da wadda ake kira CD44, da EGFR. In makullin ya dace da ƙofar, ƙwayar kansar da kanta za ta haɗiye ƙunshin.

Buɗewa a hannun mai shi kuwa, a nan ne kansar hanji ta fi ban sha'awa, domin hanji hanya ce da ake iya bi ta baki. Tumbi na da tsami sosai, amma tsamin na raguwa yayin da abinci ke gangarawa. Akwai rufin da ba ya narkewa a tumbi sai can ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tuni ana amfani da shi a wasu ƙwayoyin maganin kumburin hanji. Akwai kuma wata dabarar: babban hanji cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke iya narkar da abin da tumbinmu ya kasa. In aka naɗe magani da irin wannan abu, misali fektin na ɓawon lemo ko citosan na ɓawon jatan lande, zai wuce tumbi da ƙaramin hanji a rufe, sai ya isa babban hanji bakteriyar can su kwance shi, daidai unguwar da cutar take.

Ka san me ya ba ni mamaki? Ƙaro ma na cikin irin waɗannan abubuwa. E, ƙaron dakwara da muka sani, wanda ake sa wa tawadar allo. A Jami'ar Missouri ta Amurka, tawagar Farfesa Kattesh Katti ta yi amfani da ƙaro wajen lulluɓe ƙunshin zinariya a binciken kansa. Ƙaro da zinariya, duka biyun Arewa na da su, zinariyar ma a ƙasar Zamfara take. Amma don Allah kada wani ya ce na ce a sha ƙaro don maganin kansa. Ƙaro ambulan ne kawai a wannan aikin, ba shi ne wasiƙar ba.

Ina aka kwana?

A nan ne bidiyon abokina ya yi shiru. Maganin kansa na nano ba sabon abu ba ne. Tun 1995 hukumar FDA, takwarar NAFDAC a Amurka, ta amince da Doxil, wanda tsohon maganin kimo ne aka saka cikin ƙunshin kitse, kuma hakan ya rage illarsa ga zuciya. A 2005 aka amince da Abraxane don kansar mama. A 2015 aka amince da Onivyde, wato irinotecan ɗin nan na masu kansar hanji a cikin ƙunshin kitse, sai dai don kansar fankiriyas aka amince da shi, gaɓar da ke samar da insulin.

Ita kansar hanji fa? Har yanzu tsarin da likitoci ke bi, a Landan ko a Shika, shi ne tiyata, da kimo, da gashi da na'ura musamman ga ta dubura, da wasu sababbin allurai masu tsada. Ƙunshin nano mai adireshi bai shiga wannan jerin ba tukuna. Mafi yawan labaran nasara da kake gani, a cikin kwalbar gwaji ko jikin ɓera aka yi su.

A 2016 tawagar Farfesa Warren Chan ta Jami'ar Toronto a Kanada ta tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, ta gano cewa a tsakaice kashi 0.7 cikin ɗari na ƙunshin da aka yi allurarsa ne ke isa ƙarin. Mu koma tasha: ka aika saƙo dubu, bakwai suka isa. Saura duk an tsare su a shingen hanta da saifa, ko sun bi fitsari. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan adadi, amma kowa ya yarda hanyar na da wuya. A wannan shekarar kuma kamfanin BIND Therapeutics na Amurka, wanda aka ɗora wa buri a kan ƙunshi mai makulli, ya karye bayan gwajinsa a jikin mutane bai ba da abin da aka zata ba. Ɗan Adam ba ɓera ba ne. Hujojin jijiyar ƙarinsa ba su kai na ɓera ba, kuma sun bambanta daga mutum zuwa mutum.

Duk da haka ba a daina ba, kuma akwai namu a ciki. Farfesa Winston Soboyejo, ɗan Najeriya da ya taɓa shugabantar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, ya shafe shekaru da ɗalibansa suna aiki kan ƙunshin nano mai farautar kansar mama. In kana karanta kemistiri ko bayoloji a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko kana Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ka sani wannan fagen bai fi ƙarfin ɗan Zamfara ba.

Hattara da masu sayar da "nano"

Da zarar kalma ta yi farin jini, 'yan damfara sun samu jari. Wasunku yara ne a 2014 lokacin da Ebola ta shigo Legas. A watan Agustan shekarar, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa an ba da gudummawar wani abu mai suna Nano Silver don gwadawa a kan masu cutar. Cikin 'yan kwanaki aka janye maganar, saboda bai cika sharuɗɗan binciken lafiya na ƙasa ba. A watan ne kuma saƙon wanka da shan ruwan gishiri ya zagaye wayoyi, mutane suka kwana suna kwankwaɗa, har aka rasa rayuka. Yatsa ne ya tura wannan saƙon, irin yatsan da kake riƙe da waya da shi yanzu.

Don haka in ka ga wani a TikTok ko Facebook yana tallar ruwan nano, ko garin nano, ko man shafawar nano mai narkar da kansa, ka tambayi kanka abu huɗu. A jikin wa aka gwada, ɓera ko mutum? Mutum nawa? Wace hukuma ta amince da shi, kuma don wace cuta? Shi mai ba ka labarin, sayarwa yake yi? Magungunan nano na gaskiya da na lissafa maka a sama, duk a asibiti ake ƙara su ta jijiya, a gaban likitan kansa. Ba a aiko su ta tasha bayan ka tura kuɗi.

Abin da ke hannunmu yau

Ga gaskiyar da ta fi ci min rai. Ko da an kawo maganin nano Bungudu kyauta, da wuya ya ceci Kawu, domin ba a san yana da kansa ba sai da ta kai hanta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa a watan farko, "Tashi mu je likita ya duba."

Kansar hanji ba ta faɗowa dare ɗaya. Yawanci tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. In aka gan shi da wuri, ana iya tsinke shi lokacin kolonoskofi, wato gwajin da ake zura siririn tiyo mai kyamara ta dubura, ba tare da an yanka ciki ba. Alƙaluman Amurka sun nuna in an kama cutar tana nan a hanji ba ta yaɗu ba, kusan tara cikin goma na wuce shekara biyar a raye. In ta tsallaka zuwa hanta ko huhu, ba su kai biyu cikin goma ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Ile-Ife da suka daɗe suna nazarin cutar sun sha nuna cewa yawancin marasa lafiyarmu sai a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga alamomin da bai kamata a zauna da su ba: jini a bayan gida ko bayan gida baƙi ƙirin; canjin yanayin fita, zawo ko taurin ciki, da ya wuce makonni; jin kamar ba ka gama ba bayan ka fito; ciwon ciki mai naci; rama ba dalili; yawan kasala da ƙarancin jini. Gaskiya ne sau da yawa basir ɗin ne, ko atuni, ko tsagewar dubura. Amma mai lasifika ba ya iya bambancewa daga cikin motarsa. Likita ke iyawa, wani lokaci da yatsa da safar hannu kawai, cikin minti biyu.

In kana Tsafe ko Bungudu, fara da babban asibitin garinku. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wato FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In abin ya buƙaci gaba, ana tura mutum asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na ABU da ke Shika, inda ake da sassan kula da masu kansa. Na san abin da za ka ce: kuɗin mota, kuɗin gwaji, ga tsoron hanyar Tsafe zuwa Funtua, ga Sakkwato sama da kilomita 200. Duk gaskiya ne, mun bi hanyar da mara lafiya a kwance, gabanmu na faɗuwa. Amma na ga lissafin biyun da idona. Kuɗin gwajin farko akuya ce, kuɗin kimo a makare gona ce.

Kuma kada ka ce ciwon tsofaffi ne. Yawaitar cutar a tsakanin masu ƙananan shekaru ce ta sa a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Shan taba, da giya, da ƙiba, da yawan zama wuri ɗaya, da yawan cin jan nama duk suna ƙara haɗari. Wake da zogale da rama da tuwon gero ko dawa da kake rainawa kuwa, abokan hanjinka ne. Ban ce ka rabu da mai tsire ba, amma ba kullum ba.

Akwai kuma aikin da ya dace da mu masu waya. A farkon 2024 gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya cikin ladabi, a shafukan da shugabanni ke gani: a ina talaka zai yi gwajin hanji a jihar nan, kuma nawa ne? Watan Maris shi ne watan wayar da kai kan wannan cutar a duniya. Ko sau ɗaya ka sa alamominta a status ɗinka, ya fi ka tura bidiyon ƙwallaye masu sheƙi.

Abu na ƙarshe da na karanta shi ya fi tayar min da hankali. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi kansar hanji, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Likitoci kan ba shi shawarar fara gwaji yana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta ɗan'uwan nasa. Kawu 47. Inna ta girme shi da shekara biyar.

Da na gaya mata, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai yaron nan ba ka da kunya? Ni za a yi wa wannan gwajin?" Na ce, "Inna, kunyar nan ce ta cinye Kawu da gonarsa." Ta yi shiru, ta yi hawaye, ta kore ni daga ɗakin. Bayan kwana uku ta kira ni da kanta, ta ce in tambayo ko akwai likita mace. Na tambayo. Ranar Litinin za mu je a fara duba ta.

Kai ma in ka ajiye wayar nan, ka duba gidanku. Wa ya daɗe yana shan maganin basir bai warke ba?